Takardar da Ta Tafi Dusuman

Bari in tona asirin kaina kafin Ya Falmata mai ƙosai ta riga ni, don na san ba za ta fasa ba. Na taɓa goge layi uku daga takardar umarni ta shagonmu, ba don komai ba sai don rubutun ya tsaya a falle ɗaya, gaba da baya. A ranar har tafiyata ta canza. Gani nake na ceci shago daga ɓarnar takarda, kuma da akwai adalci a duniya, da an rataye hotona kusa da kalanda.

Ku sababbin da aka kawo mana bana nake wa wannan rubutu, musamman kai Babagana, da na ji kana gaya wa abokanka wai aikinmu danne-danne ne kawai, ka sa faifai, ka je ka sha shayi, ka dawo ka tarar an gama. Ni da kuke gani na tsufa a sana'ar nan. Shekara uku da wata huɗu, tun ina ɗan sha huɗu. Gashi ɗayan nan da ke haɓata ma kwamfuta ce ta fito da shi.

Shagon Mala Kyari kun san shi, nan unguwar Moduganari, tsakanin mai faci da rumfar Ya Falmata mai ƙosai. Babana ne ya kawo ni lokacin da aka rufe makarantarmu saboda rikici, bayan ya lura idan na ƙara sati ɗaya a gida, gidan zai rushe. Ranar farko Mala ya jera mini kayan aiki a tebur: sukudireba babba da ƙarama, burushin goge ƙura, jakar faya-fayai, da rula ta katako wadda bakinta ya cinye. Na tambaye shi me rula take yi a shagon kwamfuta. Ya ce zan sani. Na ɗauka ta duka ce, na yi kwana uku ina zama nesa da ita.

Babban aikinmu shi ne sa wa kwamfuta babbar manhaja, wadda idan babu ita kwamfuta faranti ce kawai mai murfi. Kafin a sa sabuwa sai an share tsohuwa, kuma sharar nan ba ta zaɓe. Hoton bikinka, takardun ofis, karatun da ka tara shekara biyar, duk tsintsiya ɗaya ce take kwashe su.

Sai shekarar da aka katse layukan waya ta zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Waya ta koma tocila. Ga shingaye ko'ina, kuma saurayi da jakar kwamfuta a kafaɗa ya shiga uku: a sauke shi, ya buɗe, ya kunna, ya yi bayanin kowane hoto har na kakarsa. Mutane suka daina fito da kwamfutocinsu. Mun yi wata guda cur kwamfuta ɗaya muke gyarawa, ta Mala, mu kwance ta da safe mu ɗaura ta da yamma. Har ita kanta ta gaji da mu.

Wata rana Mala ya ce, “Tunda sun ƙi kawo ta, mu ba su aikin su tafi da shi gida.” Ya sa faifai a ambulan, ya haɗa da takarda mai bayani daki-daki da Hausa: yi kaza, za ka ga kaza, sai ka danna kaza. Faifai da takarda suna shiga aljihu, ba mai tsare ka a kansu. Abin ya karɓu. Amma ku lura da abu ɗaya. Mutum ya kai gida ya maƙale a mataki na bakwai, ba wayar da zai kira ka. Takardar nan ita ce kai, ita ce bakinka, kuma duk ƙaryar da ta yi, kai ka yi ta.

Wani ɗalibin jami'a ne ya fara koya mana wannan. Takarda ta ce idan ka kunna ka danna maɓalli na biyu a layin sama, alhali na sha biyu ake nufi. Lamba ɗaya ta faɗi wajen bugawa. Bawan Allah ya danna maɓalli na biyu tun daga asuba har yatsansa ya kusa zama rogo, sannan ya tako da ƙafa tsakar rana ya shimfiɗa takardar a teburinmu. Mala ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya ba shi haƙuri har sau uku. A ranar na san aikin rula. Ana ɗora ta a kan takarda a rufe komai sai layi ɗaya, a karanta daga ƙasa zuwa sama, don ido ɗan gaggawa ne, idan ya san inda magana ta dosa sai ya tsallake rami bai gan shi ba.

Rula kaɗai ba ta ishi Mala ba. Ya ƙirƙiro abin da muke kira gwajin bebe. Wanda ya buga takarda zai zauna a kan tafin hannuwansa, baki a rufe, a kawo wanda bai san komai a kwamfuta ba ya bi takardar da tsohuwar kwamfutar shago. Mai gwajinmu Ya Falmata ce. Ta yi ajin manya, tana karatu a hankali da ƙarfi kamar mai sanarwa a masallaci, kuma ba ta yin abin da ba a rubuta ba ko da kwamfutar za ta fashe da kuka. Ladanta takardun da suka lalace, tana naɗe ƙosai da su.

Akwai ranar da na rubuta “cire faifan” ban faɗi yadda ake buɗe masa ƙofa ba. Ta karanta, ta duba gefen kwamfuta, ta tashi ta je rumfarta ta dawo da wuƙar yanka albasa.

Na yi ƙara ta hanci, don baki a rufe yake.

Ta ce, “Me kake gurnani, Afuno?” Haka take kirana, wato Bahaushe da Barbarci. “Ka ce in cire. Ina cirewa.”

Mala yana gefe yana dariya har hularsa ta zame. Tun daga nan duk abin da na rubuta sai na tambayi kaina ko akwai inda wuƙa za ta shiga.

To, yanzu ga layi ukun. Wani abokin Mala ya dawo daga Kano da sabuwar fitowar manhajar, wadda tambayoyinta suka ɗan bambanta da na tsohuwar. Mala ya zauna ya gyara takarda da biro, ya miƙo mini ya ce in buga, shi zai je wani ofis a unguwar Ji'ara'e. Na buga. Ta cika gaba, ta cika baya, sai layi uku suka zubo a falle na biyu suna zaune su kaɗai kamar baƙin da ba a gayyata ba. Na ce a'a, ba za a ɓata farar takarda guda a kan layi uku ba. Na hau neman abin da zan cire, idona ya faɗa kan mataki na farko:

“Kafin komai, kwafe duk abin da ke cikin kwamfutarka zuwa filash. Buɗe filash ɗin ka tabbatar suna ciki. Abin da ba ka kwafe ba zai tafi, ba zai dawo ba.”

Na ce wa kaina, wa ye a duniyar nan bai san wannan ba? Ni da nake yin sa sau biyar a rana, gani nake jariri ma da shi ake haihuwarsa. Na goge, na gyara lambobi, na biyu ya zama na ɗaya. Ta zauna ɗas. Gwajin bebe kuwa, Ya Falmata ta tafi suna a ranar, kuma na ce ai ba ƙari na yi ba, ragi na yi, me za a gwada a abin da babu? Na buga talatin. Biyu suka fito da baƙin layi a tsakiya, na jefa su kwalin Ya Falmata.

Da yamma wata mata ta yi sallama, doguwa, da lafaya ruwan ƙasa da tabarau. Ta ce sunanta Malama Yagana, ita ce shugabar makarantar firamare a garinsu kafin a ƙone shi, yanzu tana zaune wurin 'yan'uwa a Dusuman. Kwamfutarta ta yi nauyi, sai ta yi rabin awa kafin ta buɗe, an ce mata sabuwar manhaja ce magani.

Na ce, “Malama, da kin kawo ta ai da na yi miki yanzun nan.”

Ta ce, “Ɗana, kwamfutar nan a bayana na goya ta kwana biyu a daji. Ba za ta ƙara hawa titi ba.” Ta ce rajistar makaranta ta ƙone tare da ofis, kuma sunan kowane yaro, ajinsa da sakamakonsa, a cikin kwamfutar nan kaɗai suka rage. Iyaye suna zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, tana duba sunan yaro ta rubuta masa shaida, da ita ake karɓarsa a makarantun cikin gari a ajin da ya tsaya.

Na saurare ta da kyau, har da girgiza kai. Sannan na ɗauki ambulan, na sa faifai, na sa sabuwar takardata, na miƙa mata da hannu biyu. Ta tambaya ko akwai abin da ya kamata ta sani. Na bugi ƙirji na ce, “Komai yana cikin takarda, Malama. Ni na buga ta da kaina.” Wallahi ko ƙyas ban ji ba. Bakina ya faɗa, kaina yana wani wuri yana karɓar lambar yabo.

Washegari da hantsi ina goge tebur, Mala yana shan shayi, sai ga Ya Falmata a ƙofa, hannu ɗaya da matsami, ɗayan da takarda wadda mai ya riga ya ratsa.

“Afuno, zo nan. Wannan sabuwa ce?”

Na ce sabuwa ce fil, ta ga yadda ta tsaya a falle ɗaya?

“Na gani. Ina wurin da ake fitar da kayan mutane kafin a share ɗaki?”

“Wane wuri?”

“Na farko mana. Sau nawa na yi shi a kujerar can? Kwafe, buɗe, tabbatar. Na duba gaba, na duba baya, har ƙosai na ɗaga na duba ƙarƙashinsa. Babu.”

Mala ya ajiye kofi. Ya karɓi takardar ya karanta, bai ko nemi rula ba.

Ya ce, “Nawa suka fita?”

“Ɗaya.”

“Wa?”

Na gaya masa, har da goyon da daji da rajistar da ta ƙone. Ina faɗa ina jin maganar a karon farko. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki rular nan ya yi amfani da ita yadda na fara zato. Bai yi ba. Ya zaro filash sabo daga aljihun tebur, ya rubuta layi ukun da biro a bayan ambulan, ya ce, “Auwalu, ni ƙafata ba ta gudu. Ka dawo kafin dokar hana fita. Tafi.”

Ya Falmata ta cusa mini ƙosai a aljihu ta ce, “Idan ta riga ta share, kar ka dawo ta gaban rumfata.”

Daga Moduganari zuwa Dusuman sai ka keta gari kaf ka fita bayansa. Babu babur, an hana. Keke mai ƙafa uku na hau, mai keken kuma dattijo ne wanda ya yi alkawari da Allah ba zai taɓa wuce akuya a hanya ba. Kowane shinge sai mu sauka, mu ɗaga hannu sama, mu taka a layi, keke ya biyo mu a baya. Na ɗaga hannu a ranar har na ji kamar hammatana za su yi tsiro. Ina tafiya ina lissafi: jiya babu wuta a Dusuman, dole sai ta kai caji da safe, caji awa biyu, ƙila uku idan mai janareto ya tsaya karin kumallo. Na roƙi Allah ya sa man janareton ya ƙare. Na roƙi ya sa faifan ya karce. Ban taɓa yi wa kayan shagonmu mugun fata irin na ranar ba.

A shingen ƙarshe wani ɗan gora, cikin samarin sa-kai masu tsaron gari, ya laluba aljihuna ya fito da filash da ƙosai.

“Me ke cikin wannan?”

“Babu komai, yayana. Fanko ne.”

“Fanko kake kai wa Dusuman kana zufa haka?”

Na zayyana masa komai a numfashi ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Yaran yayata biyu suna zaune a gida, ba takarda. Ka san abin da ka yi kuwa?” Na ce na sani. Ya mayar mini da filash, ya riƙe ƙosan, ya tsayar da wata a-kori-kura mai komawa ɗaukar itace ya ce su sauke ni a Dusuman.

Ban san gidan ba. Na tambayi wasu yara masu wasa ina hedimasta mace take, sai ga su tara sun yi gaba da gudu, ni a tsakiya, kamar an kama ɓarawo. Na faɗa gidan ba sallama, na yi tuntuɓe da buta, na ƙwala ihun da na tabbata an ji shi a Chadi:

“Kar ku danna!”

Malama Yagana tana zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya tana tsince shinkafa. Gefenta wani magidanci ne ya haɗe rai, takardata a hannunsa. Kwamfutar tana tsakaninsu a kan matashi, murfi a rufe, an ɗora mata faifan tsince shinkafa a kai.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. “A gidanku haka ake shiga?”

Na koma baya, na fita, na yi sallama, na sake shigowa. Na durƙusa na gaishe su, ta amsa da gaisuwar Barbarci, wushe wushe, a natse kamar ba abin da ke faruwa, sai da ta tambayi Mala da mutanen gida. Daga ƙarshe na ce, “Malama, kun... kun fara?”

Magidancin ne ya amsa. Ƙaninta ne, Modu. “Mun fara tun azahar, mun kai mataki na shida ta tsayar da ni. Takarda ta ce a zaɓi na farko a danna Eh. Ga shi nan a rubuce. Ta hana.”

Ta ce, “Kwamfuta ta rubuto da Turanci cewa za ta goge duk abin da ke cikinta. Na karanta sau biyu.”

“Na gaya mata haka suke faɗa kullum, tsoratarwa ce. Masu shago sun fi mu sani.”

“Ni kuma na ce takarda ta faɗi ɗaya, kwamfuta ta faɗi ɗaya, ba mai taɓa ta sai na ga mai baki. Gobe da safe nake shirin zuwa shagonku.” Ta juyo gare ni. “To ga mai baki ya zo da kansa. Wa ke da gaskiya?”

Na ce, “Kwamfuta, Malama.”

Modu ya dubi yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce sau biyu yana kai hannu tana bige shi da murfin kwano. Ya ajiye takardar a ƙasa a hankali, ya matsa nesa da matashin.

Ni dai na zauna daɓas a ƙasa. Wani daɗi ya taso mini tun daga yatsun ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar Sallah, har na fara dariya ni kaɗai. Malama ba ta yi dariya ba. Na miƙa mata ambulan ɗin da Mala ya rubuta, ta karanta layi ukun, ta tambaye ni yadda aka yi suka ɓace. Na so in ce firinta ce. Ta ci gaba da kallona ta saman tabarau, irin kallon da ya sa yara ɗari suka taɓa amsa laifin da ba a ma tambaye su ba. Na faɗi gaskiya.

“Don falle ɗaya?”

“Don falle ɗaya, Malama.”

“Shekara ashirin ina koyarwa. Duk abin da malami ya ce kowa ya sani, shi ne abin da rabin aji bai sani ba. Buɗe ta.”

Na buɗe murfin. Tambayar tana nan tana jira, batir ya yi ja. Na danna A'a, na fitar da faifan, na kunna tsohuwar manhajar. Ta yi rabin awarta kafin ta buɗe, Modu ya ruga da ita wurin mai caji, muka ƙarasa aikin a can, a kan benci, janareto yana ihu a kunnenmu. Na kwafe komai zuwa filash. Malama ta sa na buɗe aji-aji, tana bin sunaye da yatsa a kan allon tana motsa baki, daga aji ɗaya har aji shida. Sai da ta kai sunan ƙarshe ta ce, “Alhamdu lillahi, suna nan.” Ta zare filash ɗin da kanta ta ƙulle a bakin lafayarta.

Ban sa sabuwar manhajar a ranar ba, rana ta yi ƙasa. Na iso Moduganari ana saura kaɗan a rufe hanya, Mala yana tsaye a ƙofar shago bai kulle ba. Na ce masa ba ta danna ba. Ya ce to, ya sa kwaɗo.

Washegari sauran takardu ashirin da bakwai suka tafi rumfar ƙosai, na sake bugawa a falle biyu, na zauna a kan hannuwana Ya Falmata ta bi ta daga farko har ƙarshe. Ranar Asabar na koma Dusuman na sa manhajar da hannuna. Bayan sati biyu Malama Yagana ta zo shago da filash ɗinta, muka buga wa yara goma sha ɗaya takardar shaida.